Tarin Auta

Ranar da likitan haƙori ya ɗaura wa Auta wayar daidaita haƙora a baki, cewa ya yi shekara biyu ce kacal, kamar mai maganar kwana biyu. Da ta dawo gida ta tsaya gaban madubi ta buɗe baki, sai Yaya ta leƙo.

"Ikon Allah! Auta, kejin kaji aka yi miki?"

Wasa Yaya ta yi, amma washegari Auta da takunkumi ta tafi makaranta, irin shuɗin nan na asibiti. Duk wanda ya tambaya sai ta ce tari take fama da shi, ta ƙaƙalo guda biyu don shaida.

Ba don kowa ta yi haka ba sai don Dogo, ɗan ajin da ke gaba da nasu. Kullum in an tashi yana jiranta a bakin get, ya karɓi jakarta, su taka har inda take shiga mota. Ya taɓa gaya mata cewa murmushinta ne ya fara tsayar da shi. Tana sonsa sosai, kuma tana tsoron ranar da zai ga abin da murmushin ya koma.

Shi kuwa bawan Allah ba ya ɗaukar magana da wasa. Ya kawo alewar tari. Ya kawo zuma a 'yar kwalba. Ta karɓa, ta gode, ta tura cikin jaka. Lokacin hutun tara sai ta jira aji ya watse, ta juya wa ƙofa baya, ta ci burodinta da sauri, sannan ta bi wayar da harshe tana ciro abin da ya maƙale.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ta Auta kam har jikoki ta yi. Wata uku ana abu ɗaya, wadda suke benci ɗaya ta canza wurin zama, wani ɗan ajinsu da ake kira Rediyo kuma ya baza cewa tarin fuka ne. Kullum da safe Auta takan ce yau za ta cire takunkumin, kullum kuma sai ta ƙara matse igiyar.

Ran Litinin ta tarar da Dogo a bakin get, leɓensa a kumbure.

"Me ya same ka?"

"Rediyo ne. Na ce in ya isa ya maimaita a gabana. Ashe ya isa."

Ya yi dariya, baki buɗe, ko a jikinsa. Rabin haƙorinsa na gaba babu shi.

"Wayyo, Dogo! Saboda ni?"

"Ke kika ɗora wa kanki ciwo? Ko mene ne, ina nan tare da ke. Ki daina kallona haka, haƙori ne fa kawai."

Hannunta ya tafi bayan kunne, ya taɓa igiyar. Yatsa ɗaya ya isa. To amma ta cire ta ce masa me? Cewa lafiyarta ƙalau, a kan waya ya rasa haƙorinsa? Numfashinta ya yi zafi a cikin takunkumin, kunya ta rufe ta.

Ta sauke hannun, ta kau da kai gefe, ta yi tari. Dogo ya shiga laluben aljihu yana nemo mata alewa.