Darajar Wanet ɗin Baba

Awwalu ya san birkin motar ba shi da lafiya tun kafin mutumin kamfanin inshora ya zo. Makanikensa na unguwar Ka'akiyya ya faɗa masa mako biyu da suka wuce cewa tiyon man birki ya tsufa, yana tsiyaya, kuma sai an yo odar irinsa daga waje. Awwalu ya ce to, ya ƙara mai, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Motar ta marigayi mahaifinsu ce. Tsohuwar a-kori-kura ce 'yar Amurka, ja, ƙirar 1968, irin wadda mutanen Makka ke kira wanet. Da ita tsohon ya shekara talatin yana jigilar tantuna da tukwanen alhazai zuwa Mina da Arfa. Tun da ya rasu take ajiye a wani fili a saman tudun unguwar Tandabawi a Makka, bayan gidansu, lulluɓe da tamfol. Ranar Juma'a kawai Awwalu kan tayar da ita, ya zagaya filin, ya mayar. Sai wata rana gobara ta tashi a sitorin katifu da ke jikin filin, wuta ta ci rabin tamfol ɗin kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Yayarsa Baraka, wadda suka gaji motar tare, ta same shi a gida washegari.

"Ka yi mata ta'min, Awwalu, inshora cikakkiya. Saura kaɗan mu wayi gari da toka."

"To, Yaya."

A kamfanin aka ce masa mota irin wannan ba ta da tsayayyen farashi a kasuwa. Za su turo mai ƙiyasi ya duba ta, abin da ya rubuta shi ne darajarta, shi kuma za a biya in wani abu ya same ta. Shi ya sa Awwalu ya rufe maganar birki. A ganinsa ba ƙarya zai yi ba, in an gama takarda sai ya gyara a nutse.

Mai ƙiyasin ya zo da hantsi. Sunansa Nawaf, mutum ne siriri mai gilashi, wanda ba ya yawan magana. Ya karɓi istimara, takardar rajistar motar, ya duƙa ya gwada lambar shasi da abin da ke rubuce. Ya shafa fenti, ya leƙa inji, ya ɗauki hotuna. Da ya ga kujerar har yanzu ta asali ce, sai da ya ɗan yi murmushi.

"Masha Allah, ya Abu Hadil," ya ce da Larabci, yana kiransa da sunan babbar 'yarsa. "Na daɗe ban ga irinta ba. Saura in ji tafiyarta. Mu sauka zuwa babban titi mu dawo."

Awwalu bai taɓa zaton za a fita da ita daga filin ba.

"Ai nan ma da wuri, sai mu zagaya."

"Fili ba ya nuna mota. Gangara nake so. Ko da matsala ne?"

"Babu," in ji Awwalu.

Ya shiga, ya taka birki sau uku a ɓoye. Ya kama. Nawaf ya shigo ya zauna gefensa, Awwalu ya yi bismilla ya fita da ita.

Layin matsattse ne, gidaje hagu da dama, ga shi ya miƙe ƙasa kamar tsani. A can gindinsa, inda ya haɗu da titi, mata kan baza kayan sayarwa a inuwar bango. Kwanar farko ta wuce lafiya. A ta biyu Awwalu ya ji birkin ya yi laushi. Ya sake takawa, sai ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta.

Ya taka, ya saki, ya sake takawa. Motar ta fara gudu da kanta. Ƙofofin gidaje suka riƙa wucewa da sauri.

"Rage gudu," in ji Nawaf, idonsa na kan wayarsa yana rubutu.

Awwalu ya sake taka birki, a banza. Gumi ya jiƙe masa tafin hannu har sitiyari na zamewa. Ya fizgi birkin hannu, motar ta ɗan girgiza, warin ƙuna ya cika ciki, ta ci gaba. Nawaf ya ɗago kai ya dube shi, ya dubi ƙafarsa, ya dafe gaban motar da hannu biyu yana salati.

Awwalu ya hango ta a ƙasa: Hajiya Kabira, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa da yaji, zaune a kan tabarma daidai inda layin ya ƙare, ta ba su baya. Ita ce ta yi wa mahaifiyarsa wankan gawa. Ya danna oda, amma ya san kunnenta ya yi nauyi. Ba ta juyo ba.

Ya tura giya zuwa ta ɗaya da dukan ƙarfinsa. Ƙarfe ya yi kuka, ta ƙi shiga, ya sake turawa ta shiga, injin ya yi ruri kamar zai fashe. Gudun ya ragu amma bai isa ba. Saura gida uku. Bangon dama ya fi kusa, sai dai nan Nawaf yake zaune. Awwalu ya karya sitiyari hagu, ya haɗa nasa ɓangaren da bango.

Madubi ya tashi. Gilashin ƙofa ya tarwatse a kan kafaɗarsa. Motar ta riƙa gogar siminti tana tartsatsi, har tayar gaba ta daki matakalar wani gida, ta tsaya cak, injin ya mutu.

Tsakaninsu da tabarmar bai fi taku huɗu ba. Sai a lokacin Hajiya Kabira ta juyo, ta dubi jan hancin motar, ta dubi Awwalu ta fasasshiyar taga.

"Awwalu ne? Ɗana, jini kake yi."

Ƙafarsa ta dama na kan birkin, har yanzu tana danna shi.

Mutane suka taru, wani ya kawo ruwa da tsumma. Nawaf ya fito ya jingina da bango, ya daɗe yana numfashi. Da ya dawo ya tsaya a taga, muryarsa ƙasa ƙasa take.

"Ka sani?"

"Na sani. Mako biyu ke nan."

Nawaf ya gyara gilashinsa. Bai zage shi ba. Ya ce zai rubuta abin da ya gani duka, har da birkin da gefen da ya goge, kuma ba kamfanin da zai karɓe ta sai an gyara an sake dubawa. Ya tari tasi ya tafi.

Baraka ta iso da gudu-gudu, abayarta a karkace. Ta ga motar, ta ga tabarmar, ta auna tsakaninsu da ido. Ta zauna kusa da Hajiya Kabira ta riƙe hannunta, tsohuwar kuwa tana ta ce mata ba abin da ya same ta.

Wata biyu motar ta yi a garejin Ka'akiyya. Da Nawaf ya sake duba ta, darajar da ya rubuta ta yi ƙasa da abin da suka sa rai, domin ƙofar hagu yanzu ba ta asali ba ce. Awwalu ya sa hannu. Ya nemi mai garejin ya ba shi hayar wuri a can, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya bar ta. Da aka miƙo masa makullin ya juya shi a hannu, ya ba Baraka ta jefa a jaka, suka fita neman motar haya zuwa gida.