Kirarin Gidan Cele

Gandiroba ya kwance wa Zwelakhe Cele ankwar hannu ɗaya, ya maƙala ta a ƙarfen benci, sannan ya danna kafaɗarsa ya zaunar da shi.

"Zauna da kyau, Injiniya," in ji gandiroban, Baba Hadebe. "Nan ba wutar gari aka zo ɗaukewa ba."

Injiniya suke kiransa a gidan yari, domin wayar lantarki ya yanka ya jefa unguwa uku cikin duhu, aka ba shi shekaru goma sha biyu. Amma wannan ɗakin bai yi kama da wanda aka ɗaure shi a ciki ba. Kotun yara ce. Babu akwatin tsayuwar mai laifi, alƙaliyar ba ta sa baƙar riga ba, kuma wani mai kyakkyawar niyya ya liƙa hoton raƙumin dawa a bango domin kwantar da hankalin ƙanana. Da yake yau ba a kawo yaro ba, Zwelakhe ne ya gaji raƙumin dawan, shi ya zuba wa ido.

Jami'ar jin daɗin jama'a ta miƙe ta karanta abin da ya riga ya sani. Uwar ɗansa Lindani ta rasu yaron yana goye. Wata safiya uban ya ajiye wa yaron kwanon kunun masara, ya ja ƙofar ɗakinsu na kwano, ya datse kwaɗo ta waje, ya fita. Da rana 'yan sanda suka kama shi. Sai bayan kwana biyu wata maƙwabciya ta sa aka ɓalle ƙofar, ba domin ta ji kuka ba, sai domin ta daina ji. Lokacin Lindani yana da shekara biyu, yanzu ya shiga ta biyar a hannun mai riƙonsa, wadda take neman a mallaka mata shi ɗungum.

Jami'ar ta ƙara da cewa tun daga ranar uban bai ziyarci yaron ko sau ɗaya ba. Wannan gaskiya ce, kuma hukumar da ta lura da hakan ita ce take riƙe da makullin ƙofarsa.

"Malam Cele," in ji alƙaliyar cikin taushin murya, "me ya hana ka gaya wa 'yan sanda cewa akwai yaro a ɗaki?"

"Na ɗauka da yamma za a sake ni, ranki ya daɗe."

"Da yamma ta yi fa?"

"Na ce da safe." Ya dubi raƙumin dawan. "Na ga in na faɗa, ɗauke shi za su yi."

Lauyarsa ta kyauta, wadda ta fara saninsa a bakin ƙofar shiga, ta yi bayani mai kyau a kan ɗabi'arsa a gidan yari, har ta ambaci cewa yana koyon aikin kafinta. Alƙaliyar ta saurara da ladabi, ta yi rubutu, sannan ta karanta hukunci. Duk wani haƙƙi da nauyi na uba an cire shi daga kan Zwelakhe Cele, daga yau. Ta ce ba horo ba ne, maslahar yaro ce. Magatakarda ya buga hatimi, bai fito sosai ba, ya sake bugawa.

An sauko da shi ɗakin tsaro na ƙarƙashin kotu don jiran motar gidan yari. Wurin da sanyi, ga warin maganin wanke ƙasa. Tun da aka ɗaure shi, duk inda aka rufe shi, yana jin ƙarar cokali a gindin kwano ta bayan bango, ana kankara a hankali, ana kankarar abin da ya riga ya ƙare. Ya taɓa tambayar abokan ɗakinsa, suka ce bututun ruwa ne. Yanzu ma ya fara ji, sai takun takalmi a matakala ya katse shi.

"Kana da baƙuwa," in ji Baba Hadebe. "Doka ba ta yarda ba, amma doka ta tafi cin abinci. Ku hanzarta."

MaZungu ce, mai riƙon Lindani. Ya gan ta a sama, tana zaune a baya da jakarta a kan cinya: dattijuwa mai jiki, mai dafa abinci a wata makarantar firamare. Ta tsaya nesa da ƙarafan ƙofar, tana haki saboda matakala.

"Sannu, ɗana."

"Kin ci nasara, Mama. Me ya rage?"

"Yaron ba ya kuka," in ji ta, kamar ba ta ji shi ba. "Da kuka yake yi, da na san abin yi. Bakin ƙofa yake zuwa ya zauna, ya ƙura mata ido. Ba ya yarda a rufe ta, ko ana ruwa. Wani lokaci in ji yana magana ƙasa-ƙasa, in ce da wa kake, ya ce suna tambayar ɗan waye. Na kai shi asibiti, na kai shi coci. Na rungume shi na yi masa kirarin gidanmu, jerin sunayen kakannin Zungu, kamar yadda na yi wa nawa duka, ko waiwayowa bai yi ba. Kakanninsa da suka rasu ba su san inda yake ba, ɗana. Ka ba ni kirarin gidanku in kira su."

Zwelakhe ya yi dariya, wata busasshiya.

"Kun karɓi yaro da hatimi, yanzu kuma kakannina kuke so? Hau sama ki tambayi alƙaliya mana. Ai ita ce ubansa."

"Injiniya, rage wuta," in ji Baba Hadebe.

"Ban zo faɗa ba," in ji MaZungu. "Kuma ba ni na kulle shi ba."

Zwelakhe ya yi lissafi. Ranar da aka kama shi an karɓe masa bel da igiyar takalmi da makullin kwaɗo, yau an karɓe sauran. Kirarin nan kaɗai ne ba a iya zubawa a ambulan ɗin ajiyar kayan fursuna. In ya riƙe, dole matar nan ta nemo shi, ta shiga layin masu ziyara, ta sake roƙo.

"Ki kawo shi," ya ce. "In yi masa da bakina, sau ɗaya."

"Ba zan kai yaron nan gidan da ake kulle ƙofa ba. In ka ƙi, sai ka tafi da sunayen kabari."

Ta faɗa ba tare da zafi ba, ta gyara riƙon jakarta, ta jira. A bayan bango cokalin ya ci gaba da aikinsa.

Zwelakhe ya tashi ya kama ƙarafan da hannu biyu.

"Ki ɗora shi a ƙirji, ki sa baki a tsakiyar kansa. Ki fara da tushen zuriya, ki ce, Ndosi."

"Ndosi."

"Magaye. Khumbuza."

Ta maimaita. Baba Hadebe, ba tare da kowa ya ce masa ba, ya cire hularsa ya juya baya.

"Sai na gida, waɗanda suka kwanta dama. Mzikayifani, kakana ke nan."

"Mzikayifani."

"Ba haka ba, Mama, ja shi. Tsohon ba ya son a gaggauta sunansa, ko da ransa sai an kira sau biyu yake amsawa."

Ta ja shi, har ta ɗan yi murmushi.

"Bhekizitha, ubana."

"Bhekizitha."

"Zwelakhe."

Ta girgiza kai.

"Wannan ai kai ne. Ba a sa mai numfashi a cikinsu, ka sani."

"Kina ɗakin ai, lokacin da aka karanta hukuncin. A wurin yaron nan, ni ma na kwanta dama."

A waje mota ta yi ƙaho. Baba Hadebe ya mayar da hularsa, ya ce lokaci ya yi. MaZungu ta dubi Zwelakhe tsawon lokaci, ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Ta juya ta kama ƙarfen matakala, tana hawa da ƙyar, tana bitar sunayen a bakinta don kada su zube a hanya, suna ɗaya a kan kowane taki.

Ya manna kunne a ƙarafan yana bin ta. Ndosi. Magaye. Khumbuza. Ta ja na tsohon yadda ya kamata. Ta kai Bhekizitha, ta tsaya ta ja numfashi, sai ƙofar saman matakala ta rufe kafin ya ji ko ta kira nasa.