Duwatsun Gwaggo Kadi

Wana Usaini ba mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Gwaggo Kadi, yayar mahaifinmu, ita ta raine mu a Gazawa, kuma shekara tara ke nan ba ta gani. Abin da ta mallaka a duniya bai wuce duwatsun wuyanta ba, guda talatin da uku, na gilashi, shuɗaye. Kakanta ya zo da su daga Bida, inda ake narka kwalba a wuta a naɗa ta a jikin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Babu biyu da suka yi daidai. A cikinsu akwai wani mai fasasshen gefe. Ɗanta tilo, Ɗanasabe, shi ya ƙwanƙwasa shi da dutse yana ɗan shekara uku, wai zai fito da kumfar iskar da ya hango a ciki. A damanar da ta biyo baya ƙyanda ta ɗauke shi. Kullum da safe Gwaggo takan bi zaren da yatsa har ta iso kan fasasshen, ta ɗan tsaya, sannan ta nemi koko.

Ranar da zaren ya tsinke ina lakol ina koyarwa. Usaini ya tsince duwatsun, ya ƙulle a leda, ya ce zai kai fasinja kasuwar Cadawa, a can zai sa a shirya su a sabon zare. Da la'asar ya dawo yana washe baki, ya ajiye moto, babur ɗin da yake haya da shi, ya zuba wa Gwaggo abu a hannu.

"Ga su nan, Gwaggo. Sababbi hul na samo maki. Mutumen kirki ne, ya amshi tsofaffin ya ba ni waɗanga, ko dala bai amsa ba."

Na duba. Suna ƙyalli, kowane kamar ɗan'uwansa, irin waɗanda inji ke zubowa buhu-buhu. Gwaggo ta bi zaren da yatsa, ta zagayo, ta sake zagayowa. Ta ce, "An gode, Usaini," ta ajiye su a gefen tabarma. Ba ta ci tuwo ba ranar.

Na ja shi zaure. Ban taɓa ɗaga wa wana murya ba sai ran nan.

"Wa ya aike ka? Zare aka ce, zare."

"Zaituna, ke ma kin san sun tsufa. Wani babba, wani ƙarami, ramin duk baƙi ƙirin. Kuma ai ba ta gani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa na kusa marinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana kallon hannun matar nan, bai taɓa lura da inda yatsanta ke tsayawa ba.

Kasuwa ta zagayo, na hau bayan motonsa har Cadawa. Mai duwatsun, wani Alhaji Jaye, yana zaune a rumfa da tasoshi a gabansa. Irinsu ne ke bin ƙauyuka suna karɓe tsofaffin kayan mata da sunan taimako, su kai birni su sayar da tsada. Ya gane Usaini, na ga ya gane shi, amma ya ce bai tuna ba. Da na ce to mu je wurin jandarma ya tuna a can, sai ya jawo wata tasa daga ƙarƙashin tebur, cike da shuɗayen duwatsu.

"Duk na zube su nan, malama. In kina iya hidda naku, bismilla. Amma duk ɗaya ne, gilashi gilashi ne."

Yana tsammanin zan ji kunyar mutane in tafi. Na tattare zane na zauna a ƙasa. Tun ina yarinya nake wanke duwatsun nan da sabulu duk sallah, Gwaggo tana gaya mini abin da nake riƙe da shi. Na ɗauki ɗaya na ɗaga sama yadda matan da suka fara taruwa za su gani.

"Ku duba wannan layin da ya zagaye shi. Nan ne bakin injin ya haɗu. Ramin fari tas, kamar an huda da allura." Na jefa shi gefe, na ɗauki wani. "Wannan kuwa ba layi. Ramin baƙi ne, saboda ƙarfen da aka naɗa shi a kai. Gefe ɗaya ya fi kauri. Ga kumfa a ciki, ga zanen naɗi kamar na lauje a ciyawa."

Wata tsohuwa ta karɓa, ta buga a haƙori, ta auna a tafin hannu, ta ce da Alhaji Jaye bai ji kunya ba. Wata ta ce haka ya yi wa ƙanwarta a Gidan Sori. Alhaji Jaye ya fara cewa ciniki ne aka yi da yardar juna. Na ce masa yardar makauniya ya nema ko ta sakarai. Usaini yana tsaye yana ji, kuma shi nake nufi.

Har azahar ina tsinta. Talatin da biyu. Na juye tasar a kan zanena, na bi su ɗaya ɗaya sau biyu, babu mai fasasshen gefe. Na miƙe na shaƙo rigar Alhaji Jaye, mata suna riƙe ni. Ya rantse da Allah talatin da biyu aka kawo masa.

Sai Usaini ya yi magana daga bayana, a hankali.

"Wai hwasasshen nan? Ai shi ke yanke zaren. Na yar da shi tun kan hanya."

Na tambaye shi a ina. Ya ce bai sani ba, wani wuri bayan Agye, yana tafe ya wurga cikin gonar hatsi. Sau biyu aka yi ruwa tun ranar, kuma an yi noma.

Mota na shiga na koma, ban sake hawa motonsa ba. A gida na shirya su da hannuna a zare mai ƙwari, na rataya wa Gwaggo. Ta taɓa na farko ta yi murmushi, ta ce, "Yauwa, ga nawa." Yatsanta ya kama hanya. Ina tsugune a gabanta ina kallo ya wuce goma, ya wuce ashirin, ya iso ƙullin. Ta koma farko. A zagaye na uku ta daina, ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Zaituna, ina Ɗanasabe?"

Usaini yana bakin ƙofa. Na matsa gefe, na ce masa ya shigo ya gaya mata da bakinsa.