Kawu Zai Auri Ƙanwarsa

Tafinta ya haye matakalar gidan talabijin bibbiyu, yana dafe da aljihun da faifan yake. A ƙofar ɗakin ɗaukar murya ya yi kiciɓis da Auta, ƙanwarsa, tana kurɓar ruwan ɗumi don buɗe maƙogwaro. Ko gaisuwarta bai amsa ba, ya zaro faifan ya ɗaga mata.

"Na biyu ya iso."

Shekara uku ke nan da suka juya kashi na ɗaya zuwa Hausa, fim ɗin barkwanci a kan wata bazawara mai 'ya'ya biyar da wani mutum mai gashin baki da yake zuwa gyara mata famfo, ya bar gidan cike da ruwa. Tafinta ne ya fassara, shi ya yi muryar mai gashin bakin, Auta ta yi ta uwar yara. A harshen masu fim, kalma ɗaya ake kiran ƙanin uwa da ita, da ƙanin uba, da abokin uba, har maƙwabci in ya manyanta. Tafinta ya ga yadda mutumin yake faɗawa kicin ba sallama yana buɗe tukwane, ya yanke cewa wannan kawu ne. Har ya ƙara da tasa. Duk sa'ad da uwar yara ta ɗauko tsintsiya za ta kore shi, sai Kawu ya ce, "Haba, ciki ɗaya fa muka fito." Maganar ta shiga gari, har a bas ana raba faɗan kujera da ita.

Yanzu tashar ta yi mako biyu tana tallar na biyu. Manaja ya ce ƙarfe huɗu zai sauko ya ji ɗanɗano, kafin ya sa hannu su ci gaba.

Injiniyan sauti ya kashe fitila, suka jera kujeru uku. Tun minti goma gardama ta ɓarke. Auta ta ce an ɓata mata ƙaramin yaron da yake ɓoye takalman baƙi, ga shi ya yi tsawo, murya ta buɗe, idonsa a waya. Injiniya ya ce ta bar kukan tsufa, ta dubi gidan da suka koma, ta dubi yadda Kawu ya ja mota da baya har cikin wurin ninƙaya. Sau uku ya mayar da wurin, yana dukan tebur. Tafinta yana rubutu a cinya yana dariya. A ganinsa na ɗaya ya fi daɗi don talaucin gidan ne yake ba da dariya, na biyu kuwa da kayan alatu ake neman ta, amma ya yarda gashin bakin Kawu ya ƙara kyau.

Sai aka zo wani wuri da ya gundure su duka. Kawu da uwar yara suna tsaye a baranda, sun ba kyamara baya, suna kallon ruwan sama minti biyu cur ba wanda ya ce uffan. Auta ta yi hamma, ta ce a na ɗaya da tuni wani ya zame ya faɗi.

Da ruwan ya tsaya, Kawu ya juyo, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya fito da zobe.

Alƙalami ya tsaya a hannun Tafinta. Injiniya ya tura fim ɗin gaba da sauri, ko mafarki ne wani yake yi. Suka ga ana gwada riga, suka ga yara biyar da furanni, suka ga ango da amarya suna yanka kek.

"Yaya," in ji Auta a hankali, "aurena za ka yi."

Injiniya ya sulale daga kujera, dariya ta hana shi numfashi. Tafinta bai yi ba. Ya sake sauraron abin da yaran suke faɗa, ya gane mutumin abokin marigayi ubansu ne, tun farko ma haka yake. Tashar iyali ce, kakanni da jikoki suke zama gabanta. In Manaja ya ga haka, fim ɗin ba zai fita ba, kuma zai san cewa maganar da gari yake so, cikin duhu Tafinta ya harbo ta. Bayan haka ba wanda zai sake miƙa masa faifai.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Injiniya ya ce a yanke auren. Suka lissafa, abin da zai rage bai kai rabin awa ba. Ya ce to a ce wani mutum ne daban mai kama da Kawu. Auta ta tambaye shi ko a duniya akwai gashin baki biyu irin wannan. Ita dai ta ce Tafinta ya hau sama ya faɗa wa Manaja gaskiya, ai ba shi ya fara kuskure ba. Tafinta ya tashi har ya kama ƙofa, sai ya juyo, ya ce a mayar masa da wurin ruwan saman.

Ya kalle shi sau biyu. Ba a ganin bakinsu, ƙeya ce kawai da kafaɗa. Ya zauna ya fara rubutu, yana ƙirga daƙiƙa da ƙafa. Auta tana leƙowa ta kafaɗarsa, ta soke masa kalma uku, ta ce mace ba ta magana haka. Kafin ƙarfe uku sun shiga gaban makirufo. Sau shida ta fashe da dariya, a na bakwai ta daure.

Manaja ya sauko ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, ya zauna ya harɗe ƙafa. Injiniya ya saki wurin. Ruwa yana zuba, muryar Kawu ta fito ƙasa-ƙasa.

"Har yaushe za mu yi ta yi wa yaran nan ƙarya?"

"Kai ka fara ta," in ji uwar yara. "Na ce ka ce abokin babansu ne, ka ce maƙwabta za su yi surutu."

"Ranar da ya rasu na yi masa alkawari ba za ku rasa namiji a gidan nan ba. Ban san wata ƙofar ba sai ta kawu."

"Shi ya sa duk na ɗauko tsintsiya kake tuna mini cikin da ba mu fito ba."

"Da na faɗi gaskiya da kin kore ni."

"Da na kore ka," ta ce. "Famfona ma har yau yana ɗiga."

Sannan ya juyo ya durƙusa.

Manaja ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya ce a sake sa masa. Da ya gama ya miƙe yana zagaya ɗakin. Ya ce shi da ma tun a na ɗaya ya ji a jikinsa akwai wani abu a ƙasa. Na ɗaya dariya ce kawai, wannan kuwa ya fi shi nesa, don mutanen nan shekara uku suka yi suna riƙe da sirri ba su bari ya zube ba. Ya karɓi takarda ya sa hannu a tsaye.

A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar Tafinta.

"Ka ga aikin masu ilimi? Irin wannan rubutun nake so ka riƙa lura da shi, ko Allah zai sa wata rana ka iya."

Auta ta sunkuya tana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kafaɗunta suna rawa.

"Ina ƙoƙari, Yallaɓai," in ji Tafinta. Ya jawo kujera, ya ce wa Injiniya su koma daga farko.