Ragona a Kasafin Dambe

Tun ranar da aka naɗa maigidana, Malam Hadi, ma'ajin kwamitin damben kaka na ƙauyenmu gabana ya faɗi. Mutumin da kuɗin cefane ma ba ya kwana a aljihunsa!

'Yan kwamitin suka zauna a zaurenmu suna kasafi, ni kuma ina jin su ta katanga: zanar kewaye fili, hayar lasifika, abincin 'yan damben da za su zo daga wajen Watari, sallamar 'yan sintiri, da ta mai ɗorin karaya ko da tsautsayi. Da aka zo kan kyautar zakara, asusu ya ƙare ƙaf. Sai na ji muryar mijina: "Ku rubuta rago, ba ko sisi. Akwai a gida."

Akwai a gida! Ragon nawa ne. Ni na sha wahalar dusa da harawa tun yana ƙarami, don in sayar in sayi keken ɗinki.

Yana shigowa na tare shi. "Malam, da izinin wa?"

"Haba Luba, kuɗin ƙofa zai biya ki."

"Kuɗin ƙofar da kuka riga kuka rubuta wa masu zana?"

Ya sosa ƙeya. Kafin la'asar lasifika ta karaɗe gari da shelar ragon Malam Hadi. In na hana, mijina ya zama maƙaryaci a idon jama'a, 'ya'yana su sha gori. In na bari, keke ya tafi. Wallahi baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Sai na aika aka kira min ƙanena Basiru, mahauci, wanda hannunsa ya san dambe. Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ni zan ciwo miki abinki."

Ranar gasa ina tsakar gida, kalangu na dukan ƙirjina. Can ihu ya tashi, maƙwabciyata Juwairiyya ta leƙo tana guɗa: Basiru ya kayar da zakaran Watari! Na share turke, na kwaɓa dusa a kwano.

Basiru ya shigo ido a kumbure, hannu wayam.

"Ina ragon?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, Khalilu makaɗi ne ya wasa ni. Ya kira sunan Baba, ya kira na kakanmu, jikina ya tsuma, na miƙa masa igiyar a gaban kowa. Kin san ɗan dambe ba ya karɓar abin da ya ba makaɗinsa."

Sai ga Malam Hadi ya shigo yana washe baki.

"Alhamdulillahi, Luba! Lissafi ya fita daidai, ba giɓi ko kaɗan."

Na ɗauki kwanon dusar na ɗora masa a hannu.

"Ga ragowa, Malam. A kai wa kwamiti."