Daga Saman Dutse Ana Ganin Gari Duka

Allon da aka kafa a gindin dutsen ya ce hanyar mai sauƙi ce, tafiyar minti arba'in, yaro da tsoho kowa zai iya. Kan-Lokaci dai bai karanta ba. 'Yarsa ce ta karanta a fili, shi kuma ya gyaɗa kai kamar wanda ya riga ta gani. Wata takwas ke nan da ya ƙware a irin wannan gyaɗa kai.

Kan-Lokaci suna ne da iyayen yara suka laƙaba masa. Shekara ashirin da bakwai yana jan motar ɗaukar 'yan makarantar firamare, bai taɓa latti ba, bai taɓa gogar ko da keke ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya sha wannan labari. To, tun farkon shekara ganinsa ya fara dushewa. Gefe da gefe yana gani sarai, amma abin da ya zuba wa ido sai ya narke, kamar an dangwala man shafawa a tsakiyar gilashin mota. Bai faɗa wa kowa ba. Ya san ranar da makaranta ta ji, ranar zai sauka daga kujerar direba, shi kuwa tun rasuwar matarsa in ka cire kujerar nan ba abin da ke tashinsa da safe.

'Yar tasa ita ce ta fari, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. A kantin magani take aiki, 'yarta kuma tana aji biyu, kullum a motar kakanta take zuwa makaranta. Ranar Asabar ɗin nan ta buga masa waya da sassafe, ta ce su je su hau dutsen bayan gari, wai yana da kyau ga masu hawan jini. Ita ba ta iya tuƙi ba, shi ya kawo su a tsohuwar ƙaramar motarsa, ta zauna a gefensa idonta a kan titi har suka iso.

Hanyar kam ba ƙarya, an gyara ta. Matakala ce ta siminti, ga ƙarfen dafawa a hannun dama, ga kibiyoyi da aka zana da fenti ruwan ɗorawa a jikin duwatsu. Mutanen birni sun cika wurin da takalman gudu da gorunan ruwa, kowa ya hau taki goma sai ya tsaya ya ɗauki kansa hoto.

"A zamaninmu," in ji Kan-Lokaci, "in ka ga mutum yana hawan dutse, to akuyarsa ce ta ɓata."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa babba don kada ya ji kunya.

Hawan bai ba shi wuya ba. Hannu a ƙarfe, ƙafa tana laluben taki na gaba, har ya soma jin daɗin iskar. A tsakiyar hanya akwai benci ƙarƙashin wata itaciya, ta ce su huta. Ta miƙa masa gorar ruwa, ya kai hannu ya kama iska, ya gyara ya karɓa da sauri.

"Baba, jikarka ta koya min wani wasa," in ji ta.

"Matar tawa? Wane wasa kuma ta ƙirƙiro?"

"Ta ce kai ka ƙirƙiro shi. Wai in kun zo danja sai ka ce wa zai riga faɗa, su kuma yara su ɗauka gaba ɗaya, ja, ko kore."

Bakinsa ya riga ya saba da irin wannan. "Launi nake koya musu kyauta. Malamansu ma ya kamata su gode min."

"Haka ne," ta ce. Ta rufe gorar, suka ci gaba da hawa.

A saman dutsen an yi wani fili mai shinge, iska tana kaɗawa, mutane sun jeru suna nuna gari da yatsa. Wata mata tana ta cewa ashe haka garin yake da girma. Kan-Lokaci ya dafa shingen ya duba. Ta gefen ido yana ganin koren itatuwa da hannun rigar 'yarsa, amma inda garin yake, toka-toka ce kawai shimfiɗe.

"Ni duk na rikice," in ji ta. "Baba, nuna min unguwanni mana, kai ne ka san gari."

Aka ce in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Garin nan a kansa yake tun kafin a haife ta. Rana tana dukan kafaɗarsa ta hagu, ya san inda gabas take, saura kuwa ai karatu ne da ya haddace. Ya miƙa hannu ya fara. Ga babbar gada can, ga tashar jirgin ƙasa bayanta, dogon ginin nan asibiti ne, in ka bi titin da ya miƙe sai makarantarsu. Yana yi yana ƙara murya, har wasu samari biyu suka matso suna saurare. Rabon da ya ji kansa haka ya daɗe.

"Tsohuwar unguwarmu fa?" ta tambaya.

"Ga ta can dama. Kin ga tankin ruwan nan mai ƙafa huɗu? To, layi na uku daga gindinsa, nan aka haife ki."

"Kana ganin tankin?"

"Ga shi kuwa tsaye. Har tsatsar jikinsa."

Ɗaya daga cikin samarin ya leƙa, ya dubi abokinsa, suka ja jiki suka bar wurin.

"Baba," ta ce a hankali, "an rushe tankin tun bara. Bene ake ginawa a wurin, an kai hawa tara."

Ya tsaya da hannunsa a miƙe. Rabonsa da unguwar tun jana'izar uwarta, kuma motar makaranta ba ta bi ta can. Kunya ce ta fara kama shi, sai fushi ya biyo baya ya danne ta, don fushi ya fi sauƙin ɗauka.

"Au, jarrabawa kika kawo ni? Ni za ki hawo da ni dutse ki kunyata gaban yara? Hawan jinin ke nan?"

"Sau uku ina cewa mu je a duba idonka, kana cewa lafiyarka ƙalau."

"Ƙalau nake. Shekara ashirin da bakwai, ki nuna min wanda na taɓa gogewa. Titin nan ko an ɗaure min fuska zan bi shi, kowane rami na san shi."

"Ramin ba ya motsi, Baba. Fitilar danja kuwa tana canjawa." Ta matso kusa da shi. "Ranar Laraba a mahaɗar kasuwa, yaran kujerar baya sun haɗa baki don su tsokane ka. Ja ce, suka ce kore. Ka taka mota ka wuce."

Ya tuna Larabar. Ya tuna ƙarar birkin wata babbar mota ta hagunsa, da hon mai tsawo, da wani ƙato yana zaginsa ta taga. Har ya ce wa yaran su ga irin mahaukatan da ake ba lasisi yanzu, su kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya. Ashe shi suke yi wa. Yara talatin da ɗaya ne a motar ranar.

"Jikarka ma tana dariya take ba ni labari," in ji 'yarsa. "Ta ɗauka da gangan ka yi, don ka biye musu. Kwana uku ke nan ba na iya cin abinci."

Tsoro ne ya zo masa a makare, sai da ya riƙe shingen da hannu biyu.

"Daga Litinin ba za ta sake shiga motar ba," ta ce. "In shugabar makaranta ta tambaye ni dalili, ba zan yi mata ƙarya ba. Na fi so ta ji daga bakinka."

"Ki bar ni in ƙarasa zangon nan. Sati shida ne. Zan daina wasan, zan riƙa bin motar gabana."

"In ba mota a gabanka fa?"

Allon bai faɗi cewa saukowa ta fi hawa wuya ba. Bakin kowane taki ya haɗe da na ƙasansa, siminti duk launi ɗaya. Ta miƙo masa hannu, ya ture. Ya sauko shi kaɗai yana jan ƙafa kamar mai tsallaka rafi, yara ƙanana suna wuce shi a guje, wata tsohuwa mai sanda ma ta ce ya ɗan ba ta hanya. Sau biyu yana tuntuɓe. Tana bayansa taki ɗaya, yana jin numfashinta. Abin da aka hau a minti arba'in sai da ya ci musu fiye da awa.

A wurin ajiye motoci ya buɗe motarsa, ya shiga, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofar gefe yadda ya saba tun tana 'yar makaranta. Ba ta shiga ba.

"Zan hau bas, Baba. Ka zo mu tafi tare, gobe a zo a ɗauki motar."

"Shiga mu tafi, Uwata."

"Ka yi haƙuri."

Ta rufe masa ƙofar a hankali, ta tsallaka titi zuwa inda ake jiran bas. Ya tayar da mota. Ya zauna injin yana kaɗawa, yana jira ta dawo ta ba shi haƙuri, ba ta dawo ba. Ya duba tsallaken, mutane ne kamar goma a tsaye ƙarƙashin rumfa, duk wanda ya kalla sai kansa ya ɓace ya bar ƙafafu. Ya daɗe a haka. Can ya kashe motar.

Makullin motar makaranta a zobe ɗaya yake da nasa. Ya sha fama da farce kafin ya zare shi. Ya kulle mota, ya saurara har titi ya yi shiru, ya tsallaka. Ya nufi mai doguwar riga mai duhu da ke tsaye a ƙarshen rumfar, ya tsaya gabanta, ya miƙa makullin.

"Ungo, Uwata. Ki kai musu. Ni ba zan iya shiga ofishin nan in faɗa ba."

Matar ta ja da baya, ta ƙanƙame jakarta. "Malam, lafiya? Wa kake nema?"

Daga bayansa, kusa ƙwarai, ya ji muryar 'yarsa tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Ga ni nan, Baba. Ka wuce ni."