Tarun Modu

Shekara uku tarun bai taɓa ruwa ba, amma a makon nan ya kama abin da ya fi kifi nauyi. Fauziyya, 'yar Nguru da ta karanto zane-zane a jami'a, ita ta aro shi wurin Gogo Fanne, ta ɗaure shi tsakanin goruba biyu a bakin kogin Gashuwa. Ta ajiye ƙyallaye da alƙalami, ta ce kowa ya rubuta abin da yake roƙon Allah, ya ƙulla a jikin tarun. Kafin mako ya zagayo, ko idon tarun ba a gani.

Tarun na Modu ne, mijin Gogo, masuncin da ciwon ƙoda ya ɗauke. Shi kaɗai ya rage mata cikin abin da hannunsa ya saƙa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga Malam Zakir, limamin unguwa, da mutum biyu da galan ɗin kalanzir.

"Ƙulle-ƙulle a bakin ruwa?" in ji shi. "Wannan tsafi ne. Ƙone shi za mu yi."

Fauziyya ta soma bayani irin na 'yan boko. Gogo ta janye ta gefe, ta gyara ɗaurin zane, ta tsaya gaban tarun. Tsohuwar nan fa ko kada ba ta tsoro, balle rawani.

"Allah gafarta Malam, ranar saukar karatunka kifin tarun nan aka dafa, ka ci har da ƙari. In tsafi ne, wallahi ni zan ƙyasta ashanar. Amma ba a hukunci sai da shaida. Kwance, ka karanta mu ji."

Jama'a sun taru, ba damar ja da baya. Malam ya kwance na farko.

"Ya Allah, ka ba Kyari lafiyar ƙoda."

Wata mai kifi ta ce amin, ba ta ma san ta faɗa ba. Ya kwance na biyu.

"Ya Rabbi, kumburin ƙafar Nuraini ya saɓe."

Amin ta ƙaru. Na uku, na goma, na ashirin, duk sunan Allah ne a farko, sunan majinyaci a ƙarshe. Mai riƙe da galan ya dire shi ƙasa don ya samu ɗaga hannu.

Can Malam ya iso kan wani shuɗin ƙyalle mai ƙullin masunta. Sai da ya sa haƙori kafin ya kwance. Ya juya gaba, ya juya baya, fuskarsa ta washe.

"To, ga shi! Wannan ba rubutu, ba sunan Allah. Wa aka yi wa?"

"Nawa ne," in ji Gogo. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ba ta kuwa ɓoye ba. "Aljihun rigar Modu ne. Ban iya rubutu ba. Na riƙe shi, na yi kukana, na ɗaura. Ubangijin da na aika wa ya iya karantawa."

Ta zare ƙyallen daga hannun Malam, ta mayar da shi jikin tarun a gaban idonsa, ta ƙulle sau biyu. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta miƙa masa ashana.

Malam ya dubi ashanar, ya dubi galan ɗin. Bai miƙa hannu ba.

"To ci gaba, Malam," in ji Gogo. "Da saura da yawa, mutane na jiran su ce amin."